Digiri Na Biyu A Kasuwancin Noma: Ina Dillali A Manhajar?

A Jami'ar Harvard ta Amurka wannan fanni ya kafu, da littafin da John Davis da Ray Goldberg suka fitar a 1957. Hujjarsu ita ce, manomi ba shi kaɗai yake ba: da mai taki, da mai rumbu, da mai mota, da mai banki, duk abincinsu ɗaya.

A kan wannan fahimta manhajar digiri na biyu take tafiya har yau. Shekarar farko ta aji ce: tattalin arziki, ƙididdiga, tafiyar da gona, rancen noma, dabarun sayarwa. Daga nan sai bincike da rubuta kundi.

Abin da ke damuna shi ne rabon lokacin. Ƙididdiga takan kwashi kaso mai tsoka, domin ita ce ke fitar da ɗalibi kunya a gaban masu jarrabawa. Alhali a kasuwar Dawanau ta Kano, cinikin buhun masara a bakin dillali yake faɗawa, dukiya kuma tana sauya hannu bisa amana, sau da yawa ba takarda. Da ni ke tsara manhajar, da ɗalibi ya zauna a rumfar dillali tun daga kaka har bazara, ya ga wanda ke sayarwa don dole da wanda ke iya jira farashi ya hau.