Ranar Da Aka Kashe Kawuna A Takarda

  

A wannan karo ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, duk da na san shi kuka fi ɗoki. Abin da ya sa kuwa, a cikin wasiƙun da nake samu akwai roƙo guda da ya fi yawa a 'yan watannin nan, wato, "Anti don Allah tunda ke marubuciya ce, ki rubuta mini insha'in neman sukolashif." Daga Gusau ake turo mini, daga Ƙaura, har daga Funtuwa. To yau zan ba ku amsa gaba ɗaya, amma sai na fara ba ku labarin ƙanwata 'yar kawuna ta Tsafe, domin a kanta na ga yadda abin yake.

Ga wadda ba ta sani ba, yawancin masu ba da tallafin karatu ba sakamakon jarrabawa kaɗai suke dubawa ba. Sukan ce ki rubuta musu bayanin kanki: wace ce ke, me kike so ki karanta, don me, kuma me za ki yi wa al'ummarki idan kin gama. Gwamnatin Turkiyya, wadda takan buɗe neman tallafinta a Janairu ta rufe a Fabrairu, tana neman irin wannan takarda, kuma mai neman digirin farko sai ta kasance ba ta kai shekara 21 ba. Gidauniyar Mastercard, da ta fara shirinta a 2012, tana ɗaukar nauyin ɗalibai a jami'o'i irin su Ashesi ta Gana da Makerere ta Yuganda, can ma sai an yi rubutu. Shi kuwa Chevening na Ingila na masu neman digiri na biyu ne, sai mai digiri da gogewar aiki ta shekara 2, don haka ku bar shi tukuna. Dubban mutane ke nema, kuma masu kiredit 7 da 8 sun yi yawa, saboda haka wannan 'yar takarda ce ke raba gardama.

Ita ƙanwar tawa ta gama sakandare a 2024 da sakamako mai kyau, burinta a duniya ta zama ungozoma ta asibiti. Kawu manomi ne, kuma kowa ya san yadda noma ya koma a yankinmu, gonar da ke nesa da gari ta zama sai kallo. Ga shi akwai mai sonta, yaron kirki mai shagon tireda, iyayensa sun riga sun kawo gaisuwa. Kawu bai hana ta karatu ba, amma ya yanke magana guda: ya ba ta shekara ɗaya, in ta samu mai ɗaukar nauyinta to, in ba ta samu ba bayan kaka za a ɗaura aure. Ba mugunta ba ce, abin da ƙarfinsa ya kai ke nan.

Da ta ji labarin wata gidauniya da ke biya wa 'yan mata kuɗin karatun aikin lafiya, sai ta sayar da akuyarta, ta hau mota ta zo Gusau, ta shiga wani shagon kwamfuta da ƙawayenta suka yi mata kwatance. Mai shagon ya ce kada ta damu, shi aikinsa ke nan, ta kawo 5,000 ta dawo da la'asar. Bai tambaye ta komai ba sai sunanta da garinsu. Da la'asar ya miƙo mata shafi biyu da Turanci mai nauyi, irin wanda in kika karanta layi ɗaya sai kin nemi ƙamus sau uku. Ta koma gida tana murna, saura kawai a tura.

Ranar Asabar na je Tsafe duba jikin Inna, sai ta ɗauko takardar don in sa albarka. Muna zaune a tsakar gida, Kawu yana kan buzu yana gyaran rediyonsa, ya ce in karanta in fassara masa ya ji abin da ɗiyarsa ta rubuta wa Turawa. Ni Turancina na sakandare ne, amma ina laluba. Na fara a hankali, ina zuwa layi na huɗu sai harshena ya sarƙe. Takardar cewa ta yi wai 'yan bindiga sun kashe mahaifinta a gabanta tana 'yar shekara 10, wai uwarta bara take yi, wai ita take tallar ruwa a tasha tana ciyar da ƙannenta 6.

Kawu ya ce, "Mi ya faru kika yi shiru? Ci gaba mana."

Na rasa yadda zan yi, na faɗa masa abin da ke ciki. Ya ajiye rediyo, ya dubi yarinyar ya daɗe, sannan ya ce, "Ɗiyata, ga ni zamne da raina kika kashe ni don kuɗɗin makaranta? Ni da ban taɓa bari kin kwan da yunwa ba?"

Wallahi ban taɓa ganin kuka irin na ranar ba. Ta durƙusa tana rantsuwa ba ta san abin da aka rubuta ba, Turancin ne ya fi ƙarfinta. Inna tana daga ɗaki tana salati. Daga baya muka gano ƙawayenta biyu da suka je shagon nan, su ma an kashe musu iyaye a layi na huɗu, da kalmomi iri ɗaya, suna kawai aka canza. Ku duba fa, da an tura duk ukun wuri guda! Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle yanzu da masu tantancewa da yawa suke da manhajar gano rubutun da aka kwafa.

Da dare ta same ni a ɗaki ta ce, "Yaya, ke ki rubuta mini, ai ke kin iya tsara labari." Na ce mata abin da na iya shi ne ƙirƙira, na aurar da mutanen da ba su taɓa wanzuwa ba, na raba su, na mayar da su. Wannan takarda kuwa shaida ce, za a kira ki a tambaye ki a kanta, ranar kuma ba na wurin. Na ce abin da zan iya yi mata shi ne tambaya. Na kunna rikodar wayata na ce ta manta da Turanci, ta gaya mini da Hausa yaushe ta fara son aikin ungozoma.

Da farko cewa ta yi, "Ni ba ni da wani labari, ban taɓa yin komai ba." Haka kusan kowace yarinya take cewa, domin an rene mu da kunya, yabon kai kuma jahilci ne a wurinmu. Na yi ta jan ta da hira har ta saki jiki. Sai ga shi ta kawo zancen 2021, shekarar da babu 'yar makarantar Zamfara da za ta manta da ita. A ranar 26 ga Fabrairu aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a watan Satumba kuma, bayan an sake ɗaukar ɗalibai a ƙauyen Kaya na Maradun, aka rufe makarantun jiha aka kuma katse layukan waya. A cikin wannan zaman gida ne wata maƙwabciyarsu ta kama naƙuda da tsakar dare. Babu waya balle a kira mai mota, babu kuma mai ƙarfin halin fita. Tsohuwar ungozomar unguwa aka ɗauko, idonta ya yi rauni, ita kuma yarinyar nan, tana 'yar shekara 14, ita ta riƙe tocilan tun daga ƙarfe ɗaya har kiran assalatu, hannunta na rawa tana canzawa daga dama zuwa hagu. Aka haifi ɗiya mace lafiya, amma uwar ta zubar da jini sosai, sai da gari ya waye aka kai ta asibiti da ƙyar aka ceto ta. Ta ce tun ranar take tambayar kanta, da akwai wadda ta san abin yi a layinsu fa?

Na kashe rikoda na ce, "To ga insha'inki nan, kin gama shi da bakinki." Na sa ta saurara sau uku, ta rubuta da Hausa a littafin makaranta, sannan ta juya shi zuwa Turancinta na 'yar sakandare, yadda ta iya. Ya fito da kurakurai fal, amma duk wanda ya karanta sai ya ga tocilan ɗin nan.

Saura gyara, kuma nan ne ake neman taimako na halal. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malamar da ta koya mini Turanci a aji 5 ta yi ritaya tana zaune a Bunguɗu, kan hanyar Sakkwato, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba daga Gusau. Muka shirya da sassafe, muka riƙa mata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na Inna. Malama ta sa tabarau, ta ɗauko jan biro irin na da, amma kafin ta taɓa komai sai ta ce yarinyar ta karanta da ƙarfi. Duk inda ta yi tuntuɓe sai Malama ta ce, "Tsaya, me kike nufi a nan?" In ta faɗa da Hausa sai ta ce, "To rubuta hakan, da ƙananan kalmomi." Ta soke gabatarwar gaba ɗaya, wadda ta fara da godiya da kirari ga masu gidauniya, ta ce ba wasiƙar neman aure ba ce, a fara da daren nan kai tsaye. Ta tambaye ta adadin kalmomin da aka ƙayyade, 500 ne, nata ya kai 800, ta ce ta je ta rage da kanta. Ta kuma lura ba ta amsa tambaya ta ƙarshe ba, wato me za ta yi bayan karatu. Ta ce, "Kada ki ce za ki taimaki al'umma, kowa haka yake cewa. Wace al'umma? A wane gari? Da me za ki fara?" Sau uku muna komawa Bunguɗu, kuma ko jimla ɗaya Malama ba ta rubuta mata ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kafin a tura, ta durƙusa gaban Kawu ta fassara masa da kanta. A ciki akwai inda ta ce mahaifinta manomi ne da rashin tsaro ya raba da rabin gonarsa, amma bai taɓa cire ta daga makaranta ba. Kawu bai ce komai ba, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da 2,000 ya ce a sayi data.

Bayan wata biyu aka kira ta intabiyu ta waya. Tambayar farko a kan daren nan ce, wai me tsohuwar ta yi da jinin ya ƙi tsayawa. Ta ba su amsa ba inda-inda, domin tana wurin. Yanzu haka tana shekarar farko a makarantar koyon aikin lafiya, ba Turai ba, nan cikin ƙasarmu, kuma kuɗin makaranta da na littattafai kawai ake biya, abinci Kawu ke aikawa. Mai shagon tireda ya ce zai jira, har shi ke kai mata garin kwaki da suga ranar ziyara. Sauran kuma sai abin da Allah ya yi.

To ƙannena, ga amsar wasiƙunku. Ba zan rubuta wa kowa ba, amma ku nemi taimako, matambayi ba ya ɓata. Ki fara da malamar Turancinku ko ta da, ko wata yaya da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla da ke Gusau, ko Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko 'yar bautar ƙasa da aka turo makarantarku. Ki je da abin da kika riga kika rubuta, komai muninsa, domin mai zuwa da farar takarda labarin wani za a cika mata. Ki fara da wuri, wata guda kafin a rufe, saboda kin san halin wuta da sabis a garuruwanmu. Kada ki sa hannu ko ki tura abin da ba za ki iya fassara wa mahaifiyarki da Hausa ba. Masu tambayar ChatGPT a waya, ku sani zai iya nuna muku kuskuren nahawu, amma bai san layinku ba, bai san wa ya riƙe tocilan ba, kuma wasu masu tallafin sun hana a kawo rubutunsa.

Sai magana ta ƙarshe, wadda ta fi damuna. Duk namijin da ya ce zai taimaka miki amma sai kin same shi ke kaɗai, ko ya fara kiranki da dare yana tambayar kin ci abinci, ki tattara takardunki ki bar masa taimakonsa. In dole sai wurin namiji, ki tafi da yayanki ko ƙawa, da sanin iyaye. Kada ki ba kowa lambar sirrin imel ɗinki, domin ta nan amsa za ta zo. Wanda kuma ya ce ki biya kuɗi ya saka sunanki a jerin waɗanda suka ci, ɗan damfara ne.

Talaucinmu da halin da jiharmu take ciki gaskiya ne, ba sai an ƙara musu gishiri ba, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Amma masu karantawa sun fi son su ji abin da kika yi a cikin halin, ko yaran unguwa kika tara kina koya musu baƙi, ko lissafin sana'ar mahaifiyarki kike riƙewa. Ki zauna yau da dare ki tambayi kanki, ko ki sa ƙawarki ta tambaye ki.

Wadda ta gwada ta rubuto mini yadda ta kaya, zan so in ji. A fito na gaba za mu koma kan labarinmu inda muka tsaya. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya sa iyayenmu su ci moriyarmu suna raye, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, amin.

Taku a kullum, daga Tudun Wada, Gusau.