Ruwan zafi kafin a ci

A Guanzu, kudancin ƙasar Sin, inda ƴan kasuwarmu ke sarin kaya, na fi cin taliyar Musulmin ƙabilar Hui. A gabanka ake jan ƙullin da hannu, a tafasa, a zuba romon naman sa. A ƙananan gidajen abincin ƴan garin kuwa, kowa na ɗauraye kwanonsa da shayi mai zafi kafin a zuba masa. Wannan al'ada ta burge ni.

Mu fa? A ƙofar lakwal, ruwa guda ake wanke kwanoni tun safe, yaranmu su ci, su koma gida da zawo. Malamai da iyaye, kar mu kori mai shinkafa da wake, sana'arta ce. Mu haɗa mata kuɗin buta da gawayi.