Maraɗi: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Wanda ya taso daga Yamai da asuba a cikin bas, ya ratsa Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Madawa, ba ya isa Maraɗi sai rana ta karkata, bayan tafiyar da ta haura kilomita 600. Haka na iso ran nan, jiki duk ya yi tsami, amma ido bai gaji ba. Tun daga mashigar gari mutum zai soma ganin abin da ake ta ba mu labari: godoro shimfiɗe inda da rairayi ke kama ƙafar mota, fitilu jere a tsakiyar hanya, benaye masu gilashi a wuraren da na sani da katangar laka. Na yi shekarun lise a garin nan, saboda haka ina da abin gwadawa. Gari ya canza, wannan ba gardama. Tambayar da na zo da ita, mai karatu, ita ce ko aikin yi ya ƙaru kamar yadda gini ya ƙaru, kuma wane irin aiki ne.

Baƙo yakan yi mamakin faɗin titunan tsakiyar Maraɗi da yadda suka miƙe kamar an ja su da zare. Dalili kuwa ruwa ne. Tsohon gari a kwari yake, bakin Gulbi, inda Katsinawan da suka baro birninsu bayan jihadi suka kafa sarautarsu. A shekarar 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye gidaje, sai Nasara suka hau da gari kan tudu, suka yanka unguwanni da layuka masu faɗi, suka ba kasuwa wurinta, suka bar fili a ƙofar fadar Sarkin Katsina. Ke nan tsakiyar garin da muke gani yau, tun asali an zana shi ne don motar kaya ta shiga ta fita ba tare da ta gogi bango ba.

Kayan farko da suka cika waɗannan layuka gyaɗa ce. Dattawa har yanzu in suna zancen zamanin gyaɗa sai ka ji muryarsu ta sauya. Manomi ya noma, dillali ya auna, ɗan dako ya ɗauka, mai ɗinkin buhu ya ɗinka, direba ya kai Kano inda jirgin ƙasa ke jira. A 1962 gwamnati ta kafa Sonara don sayen gyaɗar da fitar da ita. Ga gidan matsar mai, ga masana'antar jima da ke sarrafa fatar jar akuyar Maraɗi, wadda sunanta ya kai har Turai. Ba wai zamanin ya rasa zalunci ba ne, don manomi bai taɓa yanka wa gyaɗarsa farashi ba, amma dai abin da ake saye da sayarwa daga ƙasar nan ya tsiro, kuma hannu goma yake bi kafin ya bar gari. Fari na 1973 da 1974, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, su suka karya wannan tsani.

Alhazan Maraɗi ba su zauna kuka ba. Suka juya ga abin da ake kira taransi: a sayo taba da atamfa da shinkafa daga ƙetare, a sauke a tashar ruwa ta Kwatano, a hauro da su Maraɗi a zuba a mangaza, daga nan su tsallaka Nijeriya, inda doka ta hana shigo da su ko ta tsawwala musu kuɗin duwan. Wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum kan waɗannan Alhazai a 1986. Dukiyar da ta gina manyan gidaje da masallatan garin nan, mafi yawanta daga wannan hanya ta fito. Jama'a kuwa sai ƙaruwa: garin da ke da mutum wajen dubu 45 a ƙidayar 1977, ya haura dubu 267 a ta 2012.

Washegarin isowata ranar Litinin ce, ranar kasuwa, sai na ɗauki alkalami na bi layin babbar kasuwa da ƙafa ina rubuta kowace sana'a da na gani wadda babu ita, ko ba ta da yawa, lokacin da nake ɗalibi. Na farko adaidaita, waɗanda suka yi yawa har ƙetare titi ya zama abin shawara. Sai gidajen aika kuɗi, kusan kowace kusurwa da nata, da samari da ƴan mata zaune bayan gilashi suna ƙirga. Sai masu gyaran salula da masu sayar da kati, da masu faranti mai kama hasken rana. Sai makarantu masu zaman kansu da ƙananan gidajen likita, allunansu rataye a kan benaye. Sai magina da masu walda da masu tayil, waɗanda kasuwarsu ta buɗe sosai tun daga 2015, shekarar da bikin 18 ga Disamba ya zagayo garin da sunan Maraɗi Kwalliya, aka zuba godoro da gine-gine cikin ƴan watanni. Jami'ar da aka buɗe a 2010, mai ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, ita ma ta jawo nata: masu ba da hayar ɗaki, masu abinci, masu buga takardu. Duk wannan aiki ne, kuma wanda ya raina shi bai taɓa kwana da yunwa ba.

Sai dai da na zauna da la'asar na duba takardar, na ga abu guda ya haɗa kusan duka. Ko dai suna ɗaukar mutum da kaya daga nan zuwa can, ko suna miƙa kuɗi daga hannu zuwa hannu, ko suna gina wa mai kuɗin ɗaki. Mai ƙera abin da za a sayar a wani gari ƙalilan ne: akwai masana'antar katifa da ta roba, akwai maƙera da maɗinka da dukawa, amma in ka auna su da yawan samarin da ke tashi kowace shekara, cokali ne a tulu.

Na kai wannan magana wurin wani dattijon ɗan kasuwa, abokin mahaifina, a ƙofar mangazarsa. Bayan gaisuwa na ce, “Baba Alhaji, mutum nawa ke ci a nan?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, ranar da mota ta zo, ƴan dako talatin. Ranar da ba ta zo ba, ni da mai gadi da yaron da ke riƙe littafi.” Ya nuna mini ƙofofin ƙarfe na maƙwabtansa, wasu a buɗe, da dama da kwaɗo. Mangaza mai cin buhu dubbai, albashin wata na mutum biyu kawai take biya. Wannan shi ne bambancin taransi da gyaɗa: riba tana da yawa, amma hannun da take bi kaɗan ne, kuma mabuɗinta ba a Maraɗi yake ba, yana Abuja da Kwatano.

An ga haka ƙuru-ƙuru sau biyu cikin shekara biyar. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Motoci suka yi layi a Ɗan Isa, ƴan dako suka koma zaman gindin bishiya. A 2023 kuwa abu ya zo a jere. A watan Mayu sabuwar gwamnatin Nijeriya ta janye tallafin man fetur, sai ƴan ruwa-ruwa, masu jera kwalabe a bakin hanya, suka wayi gari sana'arsu ba riba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Katsina. Mai walda ya ajiye ƙarfensa, mai ƙanƙara ta kife kularta, tela ya koma keken ƙafa. Ba a ɗage takunkumin ba sai Fabrairu na 2024, kuma da gadar Gaya ta rufu, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, tafiya ta ninka, kuɗin mota ya ninka. Godoron Maraɗi Kwalliya yana nan shimfiɗe a duk tsawon wannan lokaci, bai ciyar da kowa ba.

Mai adaidaitar da ya kai ni unguwar Zariya ya gama jami'a, ya yi aikin bautar ƙasa shekara biyu, ya jira bai ga komai ba. Keken ba nasa ba ne. Kowace yamma yana kai wa mai shi kuɗin da aka yanka, abin da ya saura shi ne nasa, bayan ya zuba mai. Ya ce mini, “Yaya, ba na jin kunya, amma ba don wannan tsohona ya sayar da gona ba.” Ban sami abin ce masa ba. A takardun hukuma ana iya lissafa shi cikin masu aiki, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, abin sarrafawa bai ƙare a ƙasar nan ba. Jahar Maraɗi ita ce gidan aya a Nijar, ga riɗi, ga wake, ga zogalen da ake nomawa a fadamar Jiratawa, ga jar akuya tana nan ba ta fasa haihuwa ba. Amma a buhu suke fita kamar yadda aka tono su, fata kuwa ɗanya ko da ɗan gishiri, a kai Kano a jeme, wani ya ci ribar. Masu sarrafawa na gaskiya matan cikin gida ne, masu matse man gyaɗa da tuya ƙuli-ƙuli da dakan fura, waɗanda ba su da allo a kan bene, ba su da rumfa a layin gaba, kuma banki bai san da zamansu ba. Da za a ba su wuta tsayayya da inji da ɗan jari, ina ganin da sun ɗauki ma'aikata fiye da mangaza goma. Amma fili a tsakiyar gari ya yi tsadar da sai mai taransi ke iya saye, shi kuwa kanti zai gina ya ba da haya.

Yanzu zancen da ke bakin kowa jirgin ƙasa ne. A watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Ƴan kasuwa suna murna, masu filaye a hanyar Ɗan Isa sun fi su murna. Na tambayi Baba Alhaji ra'ayinsa, sai ya ce jirgi ba ya zaɓen kaya: zai iya kwashe ayarmu ɗanya da sauri fiye da yadda kamiyo ke yi, ya dawo mana da ita a kwalba, kuma ɗan dako ɗaya ba zai taɓa buhun ba.

Kafin in bar gari na gangara kwari, inda tsohon Maraɗi yake. Lambuna ne yanzu da ramukan masu bulo. Na tarar da samari huɗu cikin laka har gwiwa, suna buga tubali suna jerawa a rana. Na tambaye su inda ake kai shi, suka nuna tudu da haɓa: sababbin unguwanni, inda ƴan ƙauye da suka zo neman aiki ke kafa ɗaki ɗaya-ɗaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce daga wajen Dakwaro ya zo bayan girbi, kuma in ruwan farko ya sauka zai koma gona, sai dai in ya sami mai ba shi adaidaita.