Allurar Girma Da Wasiƙar Likita Hintz

A ƙarshen shekarar 1984 wani saurayi ɗan shekara 20 ya rasu a jihar Kalifoniya ta Amurka, bayan ya yi watanni yana tangaɗi, harshensa yana sarƙewa, hankalinsa yana gushewa. Da aka duba ƙwaƙwalwarsa sai aka tarar ta yi rami-rami kamar soso, watau cutar Creutzfeldt-Jakob ce, wadda galibi dattijai take kamawa.

Da labari ya kai ga Likita Raymond Hintz na Jami'ar Stanford, wanda ya duba yaron tun yana ƙarami, sai abin ya tsaya masa a rai. Shekara da shekaru ana yi wa yaron nan allurar sinadarin girma, domin jikinsa ya kasa yin nasa. Sinadarin kuwa wata 'yar tsoka ce ke fitar da shi a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ba ta fi ƙwayar wake ba. A wancan zamani ba a samunsa sai a jikin gawa. Tun daga 1958 akan ciro tsokar daga mamata, a tara da yawa, a niƙa, a tace. To, in ɗaya daga cikin mamatan yana ɗauke da cutar fa?

Hintz ya san mutum ɗaya ba ya zama hujja, ya kuma san idan aka hana allurar, yara da dama girmansu ya tsaya ke nan. Duk da haka ya rubuta wa hukuma a farkon 1985, abin da ba kowane likita zai yi ba game da maganin da ya bayar da hannunsa. Ba a jima ba sai ga waɗansu matasa biyu, nan da nan aka dakatar. Kafin nan an yi wa yara kimanin 7,700 a Amurka.

A watan Oktoban shekarar aka amince da wanda kamfanin Genentech ya sarrafa ba tare da gawa ba. Irin wannan sabon aka yi wa Lionel Messi yana yaro.

Sai dai cutar takan kwanta a jiki shekara 30 ko fiye. A Faransa sama da mutum 100 suka rasu, kuma a 2009 kotu ta sallami waɗanda aka tuhuma. A 2024 masu bincike a Landan, ƙarƙashin Farfesa John Collinge, suka ba da labarin mutum 5 da aka yi wa tsohuwar allurar suna yara, waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer ta bayyana gare su tsakanin shekara 38 da 55.