Maigadin Kwamfutar Gidanmu

Duk wanda ya taɓa zama a ajin ƙarshe na wannan Sashe ya san akwai lokacin da ɗalibi ba shi da wata dukiya a duniya da ta wuce kundinsa. To, ni ma lokacin ya zo mini, kuma a cikinsa ne wani abu ya same ni wanda ya sa na ga ya kamata in yi wa 'yan'uwana ɗalibai bayani, ko da yake batun ba na nahawu ba ne, ba kuma na adabi ba. Batun shi ne yadda mutum zai zaɓi manhajar rigakafi, wato abin nan da masu gyara ke kira antibairos, domin kwamfutar da ke gidansa.

Kwamfutar gidanmu 'yar gwanjo ce, Yayana ya saye ta don lissafin shagonsa. A hankali ta zama ta kowa: ƙannena suna kallo da wasa a kanta, ni kuma ina buga aikin makaranta. Kundina a kan waƙoƙin daka da na niƙa yake, kuma kusan dukkan abin da na dogara da shi daga bakin kakata ta wajen uwa na ɗauko shi, a hutu biyu da na yi a ƙauye. Zama goma sha huɗu muka yi da ita. Da wayata ta cika sai na kwashe muryar na zuba a wani faifan ajiya na waje, na goge ta waya. Da damina ta kama, Allah Ya yi wa tsohuwar rasuwa. Wato ke nan duk duniya babu inda muryarta ta saura sai cikin wannan faifai guda.

Ran nan na ɗauki babi na biyu a ɗan filashi na kai wani shagon buga takardu. Da na dawo gida na soka shi a kwamfuta, sai na ga jakar aikina ta sake kama, an yi mata wata 'yar kibiya a gefe. Ban kawo komai a raina ba, na danna. Da dare na jona faifan ajiya don in saurari wata waƙa, nan take jakunkunan da ke ciki su ma suka koma masu kibiya, na buɗe na ga wayam. Mai karatu, ban runtsa ba a wannan dare. Ba makin kundin nake tunani ba, abin da zan gaya wa Inna nake tunani, domin ta riga ta roƙe ni in ajiye mata muryar mahaifiyarta.

Gari na wayewa na nufi wurin wani mai gyara, ya ce ba makawa sai an wanke faifan gaba ɗaya. Allah Ya taimake ni ban yarda ba, na wuce wurin wani abokina da ke karatun kimiyyar kwamfuta. Ya duba ya yi dariya, ya ce irin wannan ƙwayar cuta ba ta cin fayil, ɓoye shi take yi, ta ajiye na bogi a madadinsa, don duk wanda ya danna ya ƙara yaɗa ta. Cikin 'yan mintoci ya fito mini da zaman nan goma sha huɗu cif. Da na bi shawarar mai gyara, da da hannuna na hallaka abin da ƙwayar ta bari.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ai muna da maigadi. Akwai wata manhajar rigakafi da aka sa mana tun ranar da aka sayi kwamfutar, kullum tambarinta na nan a ƙasan allo. Da abokina ya bincika sai ya tarar ta sata ce, an fasa makullinta, rabon da ta sabunta kanta ya fi shekara biyu, kuma zamanta a wurin ya sa wadda ta zo tare da Windows ta janye hannu. Ashe maigadin namu barci yake yi, ya kuma hana na gaskiya tsayawa a ƙofa.

Daga nan na ƙudura sai na fahimci aikin wannan maigadi kafin in ɗauki wani. Abin da na gane shi ne, hanya biyu yake bi. Ta farko, yana riƙe da jerin kamannin ɓarayin da aka riga aka sani, ya riƙa gwada kowane fayil da su. Ta biyu, yana lura da take-taken duk abin da ke motsi cikin kwamfuta, in ya ga wani yana ɓoye fayiloli ko yana kulle su sai ya cafke shi, ko da bai san fuskarsa ba. Tun da yake kullum ana ƙirƙiro sababbin ƙwayoyi, jerin da ba a sabunta shi ba ba shi da bambanci da tsohuwar jarida.

Tarihi ma ya tabbatar da haka. Ƙwayar da ake kira Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, ta faifai ta riƙa bi daga hannu zuwa hannu, kamar dai yadda tawa ta biyo filashi. Ita kuwa WannaCry, wadda ta ɓarke a watan Mayu na 2017, ta kulle fayilolin mutane a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnati a Ingila, ta ce sai an biya kuɗin fansa. Alhali kuwa tun watan Maris na wannan shekara kamfanin Microsoft ya fitar da abin toshe kafar da ta bi. Waɗanda ta ci, galibinsu ba su sabunta ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Da na kai maganar gaban Yaya, sai muka saɓa. Ya ce, "Kai dai ka cika son banza. Araha ba ta ado. Nemo mai tsada, wadda sunanta ya fi fita, in biya mu huta."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, a ba ni mako guda in bincika. Ai wadda ta kwana da mu ma babban suna gare ta."

Ya ce, "To, malamin Hausa ya koma injiniya. Je ka, amma in ta sake faruwa kada ka zo mini da kuka."

A cikin makon nan abubuwa huɗu na auna. Na farko, ƙwazo. A nan ban saurari talla ba, domin kowane mai kaya nasa yake yabo. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu shi ne gwada waɗannan manhajoji, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Austiriya. Suna duba yawan ƙwayoyin da manhaja ta tare, da yadda take nauyaya kwamfuta, da kuma sau nawa take kama mai gaskiya ta ce ɓarawo ne. Sakamakonsu a fili yake, kowa na iya karantawa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne tazarar da ke tsakanin manyan ba ta da yawa, kuma Microsoft Defender, wadda ke zuwa kyauta cikin Windows, ta daɗe tana jerawa da su.

Na biyu, nauyi. Tsohuwar kwamfuta kamar tsohon jaki ce, in aka labta mata kayan da suka fi ƙarfinta sai ta durƙushe, mai ita ya gaji ya kashe maigadin da hannunsa. Haka nan ba a haɗa manhajar rigakafi biyu suna sintiri lokaci guda, don ba a sarki biyu a gari ɗaya; sai su shiga kama juna su bar ƙofa a buɗe.

Na uku, kuɗi. Lasisin masu tsada na shekara-shekara ne, ba sayen sau ɗaya ba. Abin da suke ƙarawa a kan na kyauta yawanci ƙari ne, irin su ma'ajiyar kalmomin sirri da sa ido a kan abin da yara ke kallo. Wanda ke bukatar waɗannan kuma yana da halin biya kowace shekara, ba laifi ya saya. Amma wanda zai biya bana ya kasa baɗi, ya koma inda muka fito.

Na huɗu shi ne wanda ban taɓa tunaninsa ba, kuma shi ya fi tsaya mini a rai, wato amana. Maigadin kwamfuta ba a zaure yake tsayawa ba. Har ƙuryar ɗaki yake shiga, yana buɗe kowane akwati, domin aikinsa ke nan. A 2024 Hukumar Kasuwanci ta Tarayyar Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dala miliyan 16.5 bisa zargin sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. A wannan shekara kuma gwamnatin Amurka ta hana sayar da Kaspersky a ƙasarta, ta ce tana tsoron gwamnatin Rasha za ta iya amfani da shi, kamfanin kuwa ya musanta. Ba ni ne alƙalin waɗannan shari'o'i ba. Darasin da na ɗauka dai shi ne, kafin ka ba wani makullin gidanka, ka tambayi wane ne shi, da kuma inda yake samun abincinsa in ya ce aikin kyauta zai yi maka. Wanda kuwa ya sa manhajar sata, bai ma san hannun wa ya taɓa ta ba, ya ba kura ajiyar nama.

Da mako ya cika na koma wurin Yaya na ce mu tsaya a kan Defender. Dalilina shi ne, wanda ya gina gidan ya riga ya san ɗakunansa, ba mu ƙara wani baƙo ba. Ba ta da lasisin da zai ƙare. Kuma kwamfutarmu tana ɗauke da Windows 11, wadda har yanzu ake kula da ita. Ban ɓoye masa aibinta ba: ƙarfinta yana raguwa idan babu intanet, domin tana yawan tuntuɓar rumbun kamfanin kafin ta yanke hukunci, mu kuwa nan data ba kullum ake da ita ba. Saboda haka na roƙe shi kuɗin da ya yi niyyar kashewa a raba biyu, a sayi faifan ajiya na biyu, sauran a ware don datar sabuntawa kowane mako. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Allah Ya sa ka yi daidai."

Ba ina cewa kowa ya bi zaɓina ba. Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 7, wadda aka daina kula da ita tun Janairun 2020, ko Windows 10, wadda kulawarta ta gama-gari ta ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025, ya san matsalarsa ta wuce ta maigadi, katangar gidan ce ke zubewa. Abin da nake so ɗan'uwana ɗalibi ya riƙe shi ne, ya ɗauki maigadi ɗaya, na halal, wanda ya san asalinsa, ya kuma riƙa ciyar da shi. Duk filashin da ya kwana waje a bincike shi kafin a buɗe. Bayan haka kuma kada ya yarda abin da ba ya maimaituwa ya zauna a wuri guda, domin babu maigadin da ke tare sata, ko gobara, ko faɗuwar faifai a ƙasa.

Mu 'yan Hausa wannan magana ta fi shafar mu fiye da yadda muke zato. Dattijan da muke ɗauko wa magana kullum raguwa suke yi, kuma sau da yawa abin da ke wayar ɗalibi guda shi ne kaɗai abin da ya rage na wata waƙa ko wani tarihi. Yanzu muryar kakata tana wuri uku: a kwamfuta, da faifan da ke cikin akwatin Inna wanda ba ya zuwa shagon kowa, da kuma ma'ajiyar intanet. Ranar Juma'ar da ta wuce na kunna wa Inna zama na tara, inda tsohuwar ta manta baiti ta fashe da dariya. Sau uku ta sa na maimaita mata wurin.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kuma ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana, amin.