LAUJEN INNA

Na san wata tana ganin kan maganar nan za ta taɓe baki ta ce, yau kuma yankan ciyawa za a koya mana, mu da muke tsakiyar birni? To 'yar uwa ki yi haƙuri ki karanta, don ni ma abin da na faɗa a raina ke nan ranar da surukata ta miƙo min lauje.

A daminar 1994 ne, shekarata biyu da aure, muna zaune a gidan gado a gindin Goron Dutse. Maigidana direban hayis ne, kuma shekarar ce ma'aikatan mai suka tafi dogon yajin aiki, sai ya kwana biyu ko uku a layin mai ya dawo hannu rabbana. Ni kuwa na ɗauki adashi na sayi ɗan rago da akuya ɗaya, da niyyar in Babbar Salla ta zo in sayar da ragon in biya zubin da ya rage a kaina. Kullum sai na ba almajirinmu kuɗi ya sayo ciyawa wajen masu kawowa daga ƙauye a kan keke da jaki. Da abu ya yi tsanani, kuɗin cefane ma ya gagara, balle na ciyawa.

Bayan ɗakunanmu akwai wani kango, katanga ta kewaye shi, ciyawa ta cika shi har gwiwa. Wata rana da asuba, ban shawarci kowa ba, na ɗauki wuƙar girki na shiga na yi ta fizga ina tumɓukewa, na kwaso da raɓarta da ƙasarta na zube wa dabbobin. Kafin azahar cikin akuyar ya kumbura kamar ganga. Aka ɗura mata man gyaɗa, ba ta tashi ba, dole aka yanka. Wallahi ranar na yi kuka kamar an yi min mutuwa, don rabin jarina ke nan.

Inna ba ta yi min faɗa ba. Washegari ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon lauje, ƙotarsa ta yi sulɓi saboda riƙo, ta ce, "Amarya, zo nan. Ke da kin ga ciyawa kin zaci kowa ma ya iya yankanta." Na ce, "Inna ai ni ban taɓa riƙe lauje ba." Ta ce, "Na gani ai."

Abin mamaki, ba mu shiga kangon ba sai da muka ɓata lokaci a bakin dutsen wasa. Ta yayyafa ruwa, ta kwantar da bakin laujen, tana ja daga gindi zuwa tsini, ta gwada a kan zaren tsintsiya. Ta ce lauje marar kaifi shi ke cin ƙarfin mutum, shi ke tuge ciyawa da saiwarta, kuma shi ne ke zamewa ya sari hannu. Ni da na ɗauka mai kaifin ne abin tsoro. Kafin ta sa hannu kuma sai da ta bubbuga ciyawar da sanda, saboda abin da ba a ambatar sunansa da dare.

Yadda take yankan kuwa, har gobe ina ganinsa a idona. Ta tsuguna, ba ta sunkuya ba, ta ce sunkuyo shi ke kashe baya. Ta damƙi ciyawa cikin hannun hagu, hannun yana sama, laujen yana ƙasa da shi sosai, sai ta jawo shi a karkace, ja ɗaya, ba sara ba. Abin da ta yanka ta ajiye a gefe, kawunan duk suna kallon wuri ɗaya, ta matsa gaba. Layi take bi tiryan-tiryan daga wannan katanga zuwa waccan, ba ta tsallake nan ta koma can. In ta kai ƙarshe sai ta dawo tana tattara tsibin, nan da nan dami ya haɗu. Tsohuwa mai shekara sittin da wani abu, amma kafin in gama layi ɗaya ta gama uku, ko haki ba ta yi.

Ni da na karɓa sai na riƙa aske ciyawar har ƙasa, wai in samu da yawa. Ta riƙe hannuna ta ce, "Bar mata yatsa huɗu. Gobe ma za ki ci." Ta raba kangon gida uku da idonta, ta ce wannan satin nan za mu taɓa, sati mai zuwa can, kafin mu zagayo na farkon ya sake tofowa. Haka kuwa aka yi, tun daga Agusta har ruwa ya ɗauke kangon nan bai taɓa zama fayau ba.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta kashe min akuya. Da sanyin safiya ciyawa ta fi daɗin yanka, don raɓa tana sa lauje ya wuce sumul, ga shi rana ba ta yi ba. Amma ba a ba dabba ita a jiƙe, musamman sabuwar tofowa, kuma dabbar da ta kwana da yunwa. A baza ta a inuwa ta sha iska ta yi yaushi tukuna. A wajen Inna na san ciyawa ma suna ta tara: ga kyasuwa, ga harkiya, ga guɗe-guɗe, ga burburwa. Kyasuwa a yanke ta kafin ta fitar da kai, in ta tsufa ta zama kara, dabba ta ci ganyen ta bar miki sauran. Ƙarangiyar da muke tsinewa ma, tana ƙarama kafin ta yi ƙaya rago na cinta sarai.

Wata rana na ce, Inna a ina kika koyi wannan, ke da aka haifa cikin badala? Ta yi dariya ta ce lokacin da suke yara, daga Goron Dutse ka nufi Ƙofar Kabuga ko Kansakali gonaki ne da fili, kuma dawakin hawan Salla ai ba tuwo suke ci ba. Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai da 'yata ta yi karatu take gaya min wani Bature, Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na filin da ke cikin ganuwa ba, saura gonaki ne da lambuna. Yau ki je ki duba, ko wurin ɗaure akuya sai an yi rigima.

Da ruwa ya fara ja da baya a ƙarshen Satumba, Inna ta ce yanzu ne aikin. Muka yanke kangon gaba ɗaya, almajirinmu ya hau da ciyawar kan soro ya baza, ana juya ta, kwana biyu zuwa uku aka sauke. Ta ce in ta yi fari fat rana ta shanye amfanin, in kuma aka tara da danshi ta yi fumfuna. Ingirici mai kyau da sauran korensa da ƙanshinsa. Muka ɗaɗɗaure muka jera kan itace a tsohon zaure, don gara. Maigida da ya ga da gaske muke, ranar da ya yi lodin ƙauye ya taho mana da harawar wake a saman mota, lokacin kaka tana araha.

Ƙanina ya taɓa aikin lambu a wani gida a Nassarawa, inda ake aske ciyawa da inji don ado kawai. Ya ce injin nan wani mutumin Ingila, Edwin Budding, ya ƙirƙiro shi tun 1830, kuma dokarsu ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a aski ɗaya, a kuma riƙa wasa wuƙar injin, in ba haka ba bakin ganyen ya yage ya bushe. Na ce to ai karatun Inna ne, turanci kawai aka sa masa. Abin da ya ba ni haushi shi ne zubarwa suke yi. Na ce ya riƙa ɗuro min a buhu, ya ce a'a Yaya, ta inji ta yi laushi da yawa, tana kwana a buhu ta ɗau zafi ta lalace, ga shi wani lokacin an yi mata feshi. Wannan kam ki riƙe shi da kyau, don yanzu maganin feshi ya cika gari. Ciyawar bakin titi da ta gefen gona, in ba ki san hannun da ya yanko ba, ki tambaya. Ki kuma tsince leda kafin ki zuba.

Babbar Sallar 1995 a watan Mayu ta faɗo, tsakiyar bazara, lokacin da ƙasa ta ƙone, maƙwabta suna sayen harawa kamar magani, wasu ma sun karyar da dabbobinsu tun kafin azumi. Ragona kuwa yana cin ingirici da dusa da ɗan kanwa, har gashinsa yana sheƙi. Saura kwana shida Salla maigida ya ja shi ya sayar. Na biya uwar adashi kuɗinta cif, na sayi 'yar tunkiya, abin da ya rage na yi wa Inna turmin atamfa. Ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Amarya, da kin ƙara kin sayi tunkiya biyu."

Allah ya ji ƙan Inna. Kangon an daɗe da gina shi, ɗakunan haya ne yanzu. Laujen yana nan a rataye bayan ƙofar kicin ɗina, an sake masa ƙota sau biyu a Kasuwar Kurmi. Daminar bara jikata ta ɗauko shi za ta yanke ciyawar da ta fito gindin katanga, na ga ta sunkuya ta ɗaga hannu za ta kai sara. Na ce, "Ke, ajiye. Je ki ɗebo ruwa a buta, ki same ni bakin dutse."