Kebul ɗin da ya karye daga ciki

Shekaru kaɗan da suka wuce, a wata masana'antar ƙera ƙofofi da ke Sharada, a Kano, aka ba ni aikin sabunta wayoyin wani injin yanka farantin ƙarfe, irin wanda kwamfuta ke sarrafawa. Kan injin yana kai-komo a kan dogo, wayoyinsa kuwa suna kwance cikin wata sarƙar roba mai gaɓa-gaɓa da ke naɗewa tana warwarewa duk inda ya nufa. Tsohuwar sarƙar ce ta farfashe. Na shiga kasuwa na zaɓo wadda za ta shige ƙarƙashin murfin injin ba sai an yanke komai ba. Fili kaɗai na auna, ban auna kebul ba.

Wata huɗu ana aiki lafiya lau. Sai injin ya soma tsayawa cak ana tsakar yanka, kuma kullum a wuri guda, kusa da tsakiyar dogo. Da an tura kan baya kaɗan sai ya tashi. Na ɗora mita a kan kowace waya, duka lafiya. Kwana uku ina zargin moto, ina zargin wutar janareto, faranti yana ta lalacewa.

Maigidana da ya koya mini aiki na kira. Ya zo ya zare kebul ɗin moton, ya shafa shi tun daga kai har ƙarshe. A wani wuri ya murɗe kamar igiyar guga. Da ya tsaga robar, sai ga sililin jan ƙarfe a kakkarye. In kebul ya miƙe sukan taɓa juna, shi ya sa mita ta ruɗe ni; in ya lanƙwashe su rabu.

"Kaurinsa nawa?" in ji shi.

"Milimita 12, Maigida."

"Lanƙwasar sarƙar fa?"

Na duba jikinta, 55.

Lanƙwasar da yake nufi ita ce tazara daga tsakiyar da'irar da sarƙa ke yi zuwa bakinta, wato rabin faɗin da'irar. Masu ƙera kebul suna rubuta mafi ƙanƙantar lanƙwasar da zai jure a takardar bayaninsa, a matsayin ninkin kaurinsa. Wanda za a kafe a bango, ninki 4 zuwa 6 kan wadatar. Mai motsi kuwa yakan nemi 7.5, ko 10, wani har 15. Namu 10 ne, ke nan 120 yake buƙata, ni kuma na matse shi a abin da bai kai rabi ba.

Duk wanda ya ƙera motar waya yana yaro ya san sirrin. In babu filaya, lanƙwasa wayar ake ta yi gaba da baya har ta yi zafi ta ɓalle. Jan ƙarfe ma haka yake, kowace lanƙwasa tana ƙara masa tauri har ya tsage. A ninki 10, bayan kebul yana miƙewa da kusan kashi 5 cikin 100. A yadda na sa shi, ya haura kashi 10. Injinmu kan yi sawu kamar 4 a minti. A awa 8 sawu 1,920 ke nan, a wata kusan 50,000. Kebul ɗin ya ma yi haƙuri.

Akwai kuskure na biyu. Na ɗauka duk waya mai laushi a hannu mai motsi ce. Ma'aunin IEC 60228 ya kasa waya aji-aji: na 5 mai laushi, na 6 mai sililin da ya fi siranta. Amma ko ajin bai isa ba, sai an duba ko an ƙera kebul ɗin don zama cikin sarƙa, domin yadda aka tufke wayoyin cikinsa daban yake. Kamfanoni irin su igus da Lapp na ƙasar Jamus suna bayyana wannan ƙarara a takardunsu. Na kuma ɗaure wayoyin tamau da juna don aiki ya yi kyan gani, alhali a baki biyu kawai ake kama su, a bar kowanne da ɗan sarari, kamar kashi 10 na kaurinsa.

Gyaran ya ci kuɗi. Sarƙa mai lanƙwasa 125 tana son tsayin milimita 250, ban da kaurin jikinta, don haka sai da mai walda ya ɗaga murfin. Mai masana'antar ya yi ta ƙorafi. Na ce masa, "Alhaji, kebul mafi kauri a cikin sarƙar shi ke yanke hukunci, murfi bin sa yake yi." Ya amince da ƙyar.

Abokin sana'a, kafin ka sayi sarƙa, auna kowane kebul da kowace mesa da za su shiga cikinta, ka ninka da abin da takardarsu ta ce, ka ɗauki adadi mafi girma. In ya faɗa tsakanin sarƙa biyu, ɗauki babbar.